Masu jan wasa, ya kuke yi da INT da nauyin kaya a teburinku?

Madugun_Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, ina so masu jan wasa na nan Kumasi da na Ankara (Accra) su sa baki don Allah.

Ni nake ja wa samarin bes ɗinmu D&D bugu na biyar (wasan labari ne na tebur, kowa da karaktan da yake bugawa, ana jefa dayis irin na ludo a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu) a nan Aboabo, duk Lahadi daga bayan la'asar har kusan isha'i. Labarin na ayarin fatake ne, sun taso daga wani gari mai kama da Salaga za su kai goro arewa, a hanya akwai 'yan fashi akwai kufai akwai rijiyoyin da suka ƙafe. To abu biyu da ya kamata su riƙe irin wannan labari su ne suka mutu murus a kan takarda.

Na farko INT, wato makin ƙwaƙwalwar karakta. In ka cire mai buga wizad, wato matsafi, duk sauran 8 suka sa wa ƙwaƙwalwa, kuma ban ga laifinsu ba, don me mutum zai zuba maki a wurin da ba ya dawo masa da komai? DEX, makin zafin nama, tana ba ka kariya, tana sa ka riga abokin gaba motsi, tana gyara maka harbin baka. CON, makin juriyar jiki, jini ne, wato yawan dukan da za ka iya sha. WIS, makin lura, ita ce Perception, jifan gano abin da ke kewaye da kai, da ake jefawa kusan kowane minti goma. INT kuwa sai tarihi da addini da ilimin tsafi da na daji da bincike, kuma gaskiya in labari na buƙatar su san wani abu to dole in faɗa musu ko dayis ya faɗi ƙasa ko ya tashi sama, in ba haka ba wasan ya tsaya cak.

Na biyu kaya. Dokar littafi ta ce ka ninka STR, makin ƙarfin jiki, sau 15, abin da ya fito shi ne labar da za ka iya ɗauka. Wato mai STR 8, wanda shi ne raggon ayari, yana ɗaukar laba 120, sama da kilo 54 ke nan, ya fi buhun siminti, kuma ya yini yana tafiya da shi cikin rana ya zo ya yi faɗa da takobi ko haki babu. Mai STR 15 kuwa laba 225. Saboda haka ba wanda yake lissafi, duk abin da suka gani a kufai sai su ce mun kwashe, har da ƙofar ƙarfe wani ya ce ya ɗauka rannan.

Ina so tafiyar ta yi nauyi a ransu, su tsaya a zango su yi gardama kan me za a ɗauka me za a bari. Amma ba na son Lahadinmu ta koma ajin lissafi, yawancinsu sun yini a shago ko bisa pragya (keke mai ƙafa uku) duk sati, hutawa suka zo yi. Wace doka kuka ƙirƙira a teburinku da ta yi aiki da gaske?

Baba_Nima

Wa alaikumus salam Madugu, sannu da ƙoƙari. Kafin komai, kar ka ɗauko waccan dokar nauyi ta zaɓi da ke cikin littafin 2014 kana zaton ita ce magani. Ita cewa ta yi in kayanka ya wuce STR sau 5 gudunka ya ragu da ƙafa 10, in ya wuce sau 10 ya ragu da ƙafa 20 kuma duk jifan da ya shafi jiki sai ka jefa dayis biyu ka ɗauki ƙaramin. A kunne da daɗi. Amma zauna ka lissafa jakar matafiyi da ake farawa da ita: tabarmar kwana, tocin wuta guda goma, guzurin kwana goma laba 20, igiya laba 10, salkar ruwa laba 5, duka-duka laba 59. Mai STR 10 iyakarsa 50, ka ga tun bai fita ƙofar gari ba ya riga ya nauyaya. Mayaƙi mai STR 16 iyakarsa 80, sulkensa kaɗai 55, garkuwa 6, takobi 3, ɗora jakar a kai ya kai 123. Wanda ya fi kowa ƙarfi shi dokar ta fi takura wa, wizad da ba ya sa sulke yana ta yawonsa. Kuma lissafin nan da kake gudu shi ne zai ƙaru.

Abin da ya sa nauyi ke da ma'ana a tsohon wasa, tun na farko da Gygax da Arneson suka ƙirƙiro a 1974 har bugun Moldvay na 1981, shi ne dukiyar da ka fito da ita daga rami ita ke ɗaga ka. Zinari ɗaya maki ɗaya na XP, makin da ke ɗaga matsayin karakta. Kuma tsabar kuɗi goma laba ɗaya ce, ba kamar yanzu da sai hamsin ba, har ma da tsaba ake auna nauyin komai. To ka ga in ka tarar da zinari dubu biyu dole ka zaɓa, ko ka kwashe ka yi tafiyar kunkuru dodanni su cim maka wutarka ta mutu a hanya, ko ka bar rabi. An cire wancan dalili an bar mana lissafin shi kaɗai, shi ya sa kowa ya watsar.

Mu a Nima gurbi muke amfani da shi, mun daina laba gaba ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba, wasanni irin su Knave da Shadowdark haka suke yi, Cairn ma gurbi goma yake ba kowa. Namu tsarin: ka ja layuka a bayan takardar karakta, yawan layinka daidai da lambar STR ɗinka, in ba ta kai 10 ba a ba ka 10. Abu ɗaya layi ɗaya. Makamin da sai da hannu biyu layi biyu, sulke mai nauyi uku, guzurin kwana uku ɗaya, ruwan yini ɗaya ɗaya, tsaba ɗari ɗaya. Ƙananan abubuwa da za su shiga aljihu kamar allura da ƙyastu da zobe ba a ƙirga su. Layi ya cika, shi ke nan, sai ka goge wani kafin ka rubuta wani, kuma da fensir muke yi don a ga gogewar.

Wurin da abin ya fi kama mutane shi ne na aro daga Cairn, gajiya tana cin gurbi. Ka kwana ba ka ci ba, ko ka yini ba ruwa, ko ka yi gadi dare biyu a jere, sai ka rubuta GAJIYA a layi ɗaya kuma ba ta gogewa sai ka samu cikakken hutu a zango mai abinci. In layukanka a cike suke to dole ka yar da wani abu a bakin hanya. Wallahi ranar da na ga saurayi ya yi shiru yana kallon takardarsa yana tunanin igiya zai yar ko garkuwa, ranar na san dokar ta zauna.

Sai dai ka lura da tsafe-tsafen da ke kashe wannan duka. Goodberry 'ya'ya goma ne kowanne yana ciyar da mutum yini guda, Light, tsafin haske, tana kashe amfanin toci, jakar tsafi ta Bag of Holding kuwa laba 500 take haɗiyewa. Jakar kam kar ka ba su ita sam a irin labarinka. Goodberry mu mun ce tana tsayar da yunwa amma ba ta goge gajiya, kuma sai an samu ɗanyen reshe a tsinko, a busasshen daji babu.

Sadik_Tafo

Baba Nima na yarda da gurbi amma ina tsoron abu ɗaya. Yaran nan jarumai suka zo bugawa, ba 'yan dako ba. In duk zama sai an yi rabin awa ana wa zai ɗauki ruwa wa zai ɗauki igiya, wasu za su fara danna waya, in an yi sati uku ka ga kujera ta fara zama wayam. Kuma batun INT, na taɓa zama a teburin da mai jan wasa yake hana ka faɗin dabara in karaktanka 8 gare shi, wai ai mutuminka ba zai iya tunanin haka ba. Raina ya ɓaci sosai ranar, ni na zauna na yi tunanin yadda za mu ƙetare kogin aka ce in yi shiru. Duk dokar da za ku kawo, ta ƙara wa mai ƙwaƙwalwa wani abu, kar ta rufe wa sauran baki. Madugu ka tambayi yaranka tukuna ko suna so.

Hajara_Asawase

Yaya Sadik gaskiyarka kan rufe baki, wannan ba doka ba ce zalunci ne. Dabarar ɗan wasa tasa ce, INT ta karakta kuwa abin da ya sani ne da abin da ya tanada, wanda kai da kake zaune a Tafo ba yadda za a yi ka sani game da duniyar labarin.

Yaya Madugu ni ina ja wa 'yan mata da ƙannena a gida, kuma abin da na gano shi ne tambayoyinka biyun nan ɗaya ce. A tafiya mai ƙarfi yana ɗaukar da yawa, mai ƙwaƙwalwa yana ɗaukar abin da ya dace. Sai na haɗa su. Kafin a bar gari, kowa yana da damar barin wasu layuka a rufe, yawansu daidai da bonas ɗin INT ɗinsa, wato ƙarin da makin ke ba shi a kan jifan dayis, mai 12 ɗaya, mai 14 biyu, mai 16 uku. Zai biya kuɗi tun a kasuwa, mu zinari biyar muke sa wa kowane layi, ya rubuta TANADI, layin ya ciyu kamar kowane kaya. In an shiga daji aka tarar da wata matsala sai ya ce ai na san za a yi haka, ya goge tanadi ya rubuta abin da yake so, muddin abu ne da ake samu a kasuwar da suka baro kuma kuɗinsa bai wuce abin da ya biya ba. Gatari, alli, man fitila, gishiri, madubi, sarƙa. Ba makamin tsafi ba, ba maganin warkarwa ba. Tunanin daga wasan Blades in the Dark na samo shi, can kana zaɓar nauyin da za ka fita da shi ne sannan ka bayyana kayan a tsakiyar aiki, ni dai na ɗaura shi a kan INT.

Ƙanwata mai buga ɓarauniya da ta ji dokar nan da kanta ta roƙi a bar ta ta sauya maki, ta rage CHA, makin kwarjini, ta kai INT 14. Ban ce mata komai ba.

Na biyu tambayoyi. In sun iso sabon wuri ko sun ga sabuwar halitta, mai bonas yana da tambaya kyauta gwargwadon bonas ɗinsa a zama guda, ba jefa dayis, kuma amsar da zan ba shi gaskiya ce. Me wannan dabbar take tsoro, wace ƙabila ce ta yi wannan zanen, kuɗin fito nawa aka saba biya a wannan kogin. Wannan ya magance abin da ka faɗa na cewa dole ka ba su labari ko sun faɗi jifa. Abin da labari ba zai tafi ba sai da shi kowa na ba shi, amma abin da zai sa su tsira da jakunansu ko su sayar da riba, wannan na mai tambaya ne.

Na uku ba sabo ba ne, dawo da tsoho ne. A bugu na uku na 2000 bonas ɗin INT yana ƙara maka harsuna da makin sana'a, wasan Pathfinder na 2019 ma haka. Sai na ce kowane bonas ɗaya, harshe ɗaya ko sana'ar hannu ɗaya. Amma ba zai yi amfani ba sai ka daina barin kowa a duniya yana jin yare ɗaya. Mu da muke zaune a zango mun san wannan, wanda ke jin Hausa da Twi da Dagbani da Mosanci in ya shiga kasuwar Kejetia cinikinsa daban yake. Ka sa ƙauyen da ayari zai kwana ba mai jin yarensu, ka ga yadda za a riƙa neman mai harsuna ana ba shi ruwa. Ko a Xanathar, littafin ƙarin dokoki na bugu na biyar, ma an ce koyon harshe sati goma ne kuma bonas ɗin INT yana rage satuttukan, sai dai ba wanda ke kaiwa wannan shafin.

Wizad zai ƙara ƙarfi da wannan, na sani, shi ne inda nake ɗan dari-dari. Abin da na yi shi ne littafin tsafinsa layi biyu yake ci, jakar kayan haɗinsa ɗaya, kuma yawanci STR ɗinsa ƙasa take, to tanadin uku in ya ɗauka duka sai ya rasa inda zai sa ruwa.

Madugun_Aboabo

Kai Allah ya saka, na samu abin yi. Baba Nima lissafin jakar nan ya buɗe mini ido. Sadik zan tambaye su ranar Lahadi kafin mu fara insha Allahu, kuma zan ce mu gwada zama uku in ba su so mu koma yadda muke.

Hajara tanadin nan ya burge ni amma akwai inda yake mini ƙaiƙayi. Ni so nake su yi shiri tun a gari, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to wannan dokar kamar tana ba su damar fafe ta a tsakiyar daji ne. Ba za ta kashe gardamar zangon da nake nema ba? Sannan jakuna fa, ayari ne, in suka sayi jaki goma ai gurbin ya zama banza, a littafi zinari 8 ne kawai kuma yana ɗaukar laba 420.

Hajara_Asawase

Ba ta kashewa Yaya, don tanadi ba ya zama ruwa ko abinci, na hana wannan tun farko. Kuma layi biyu ne ko uku cikin goma sha wani abu. Gardamar ma ƙaruwa take, don sauran sai su ce wa mai INT kai bar layinka a rufe mu za mu ɗaukar maka ruwa, shi kuma mai ƙarfi ya ce to ni nawa zan ɗauka. Karaktan ya fafe gorarsa tun a gari ai, ya biya kuɗi, mu ne a tebur ba mu leƙa cikinta ba sai daga baya.

Alhaji_Dan_Alabar

Salamu alaikum 'ya'yana. Ɗana ne ya nuna mini wannan zance don ya san gidanmu gidan goro ne tun kakanni, ni ma nakan zauna in kalle su in suna wasan a tsakar gida, har na fara gane dayis ɗin. Madugu ka bar su su sayi jakunan, ayari ba jaki ai ba ayari ba ne. Amma jaki ba akwati ba ne. Yana ci yana sha, yana gurɗewa, yana ƙin shiga ruwa, kura na bin sa da dare, kuma mutum ɗaya ba ya kora goma. Ka ba kowane jaki layinsa, ka ce ashirin, amma huɗu na harawarsa da ruwansa ne, kuma duk jaki uku sai da mai kora wanda shi ma zai ci a biya shi. Rami ko kufai kuwa jaki ba ya shiga, to wa zai tsaya gadi a waje? Nan kaɗai ka samu gardamar da za ta ishe ka.

Sannan a ayarin gaske ba mai ƙarfi ke gaba ba. Madugu ne da jagaba, kuma abin da ake bin su dominsa sani ne: wace rijiya ke da ruwa a wane wata, wane sarki ke karɓar fito nawa, ina ake kwana ina ba a kwana. Daga Salaga zuwa Kano watanni ake yi a hanya, kuma goro ɗanyen abu ne, in ya bushe ko ƙwaro ya shige shi ka yi asara. Ana naɗe shi cikin ganye a huhu, a hanya a riƙa kwancewa ana tsince wanda ya lalace ana yayyafa ruwa ana sake ɗaurewa. Wanda bai iya ba zai isa da rabin dukiyarsa. To ga aikin INT nan a gabanka. Duk sati na tafiya a labari, mai kula da huhu ya jefa dayis da bonas ɗin ƙwaƙwalwarsa, in ya faɗi a goge layi ɗaya na goro. Haka ɗaurin kaya, wanda ya iya daidaita taiki biyu a bayan jaki ya ƙara wa kowane jaki layi gwargwadon bonas ɗinsa, wanda bai iya ba kayan ya karkace ya ji wa dabba ciwo a baya.

Kuma ka daina biyansu da zinari kullum. A wancan zamani da wuri ake ciniki, kuma wuri nauyi gare shi, kuɗi mai yawa sai an ɗora wa dabba ko ɗan alaro, shi ya sa fatake suka fi son su juya kuɗinsu ya koma haja, su kawo kanwa da tufafin Kano da fata su koma da goro. In suka ci nasara a wani gari ka biya su da buhunan wuri masu cin layi shida, sai ka ga wa zai tuna ya tambayi abin da ke da tsada a gari na gaba don su canza shi da abu mara nauyi. Tambayar kyautar da Hajara ta faɗa a nan za ta yi aiki.

Sadik_Tafo

Alhaji wannan na goron ya shige ni, in haka ne ni ma zan buga jagaba. Madugu in akwai kujera ranar Lahadi ka faɗa mini, ina da dayis saiti biyu zan zo da su. Amma ka buga takardar layukan tun kafin ranar, ka sa manyan layi yadda za a iya gogewa, in an ɗauke wuta da fitilar waya za mu karanta.

Madugun_Aboabo

Akwai kujera, ka zo bayan la'asar. Gobe zan shiga Adum in buga takardun. Alhaji tambaya ɗaya ta rage, jifan huhun nan lamba nawa zan sa a ci, 10 da damina 14 da rani ya yi, ko rani ya fi haka wahala?